Yaron da ya girma a hannunmu ne ya nuna gidanmu: yaya zan ci gaba da dogara ga Allah?

Tambaya: "Baba Fasto, 'yan bindiga sun zo da dare sun tafi da maigidana. Muka sayar da shanun noma da hatsi muka biya kuɗin fansa, Allah ya dawo mana da shi. Daga baya aka ce wanda ya kai musu labarin gidanmu yaro ne da ya girma a hannunmu, muna sujada tare. Yanzu maigidana yana so mu koma gari wurin ƙanensa, wasu a ikilisiya kuwa suna cewa gudu rashin bangaskiya ne. Ni kuma in na durƙusa addu'a, fuskar yaron nan nake gani. Yaya zan dogara ga Allah a wannan hali?"

Amsa: 'Yar'uwata cikin Almasihu, sannu. Sannu da wannan babban gwaji, ki kuma gaishe mini da maigida, Allah ya ƙara masa lafiya ya mayar muku da abin da kuka rasa.

Ki ɗauko Littafi Mai Tsarki ki buɗe 2 Sama'ila sura 15 zuwa 17, domin mutumin da ke cikin surorin nan ya taka ƙayar da kika taka. Sarki Dawuda ne. Ɗansa na cikinsa, Absalom, ya daɗe yana sammako zuwa ƙofar birni yana tare masu kawo ƙara, yana rungumarsu, yana ce musu da shi ne alƙali da sun sami gaskiyarsu, har ya saye zukatan jama'a. Sai ya nemi izini wai zai je Hebron ya cika wa'adin da ya yi wa Ubangiji, can ya sa aka busa ƙaho aka ce ya zama sarki. Ya kuma aika Gilo aka kirawo Ahitofel, mashawarcin Dawuda, wanda Littafi ya ce a kwanakin nan ana ɗaukar shawararsa kamar an tambayi Allah ne da kansa (16:23). Ahitofel ya san shigar Dawuda da fitarsa, ya san inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni. Da ɗan gari akan ci gari.

To, me Dawuda ya yi da labari ya iso masa? Ya ce wa fadawansa su tashi su gudu, in ba haka ba babu wanda zai tsira, a kuma kashe mutanen birni a banza (15:14). Wannan fa shi ne wanda ya tsaya gaban Goliyat da majajjawa da duwatsu biyar. Babu wanda zai ce masa matsoraci. Amma ya dubi mata da yara da tsofaffin Urushalima, ya ga zamansa zai jawo musu takobi, ya fita. Ya haye rafin Kidron, ya hau Dutsen Zaitun ba takalmi a ƙafarsa, kansa a lulluɓe, yana tafe yana kuka, duk waɗanda suke tare da shi ma suna kuka.

A bakin wannan hanya ne abin da na fi so ki riƙe ya faru. Firistoci, Zadok da Abiyata, tare da Lawiyawa, suka fito ɗauke da akwatin alkawari za su bi sarki. A idon kowane Ba'isra'ile, inda akwatin nan yake nan Allah yake. Da Dawuda ya tafi da shi, da jama'a sun ce lalle Allah yana bayan Dawuda. Kakanninsu ma sun taɓa gwada wannan dabara a zamanin Eli: suka kai akwatin fagen yaƙi don ya tilasta wa Allah ya ba su nasara, Filistiyawa suka ci su, suka kwace shi (1 Sama'ila 4). Dawuda ya ƙi. Ya ce wa Zadok ya mayar da akwatin cikin birni. In na sami tagomashi a gaban Ubangiji, in ji shi, zai komo da ni in sāke ganin akwatin da mazauninsa. In kuwa ya ce ba ya jin daɗina, to ga ni, ya yi mini abin da ya ga ya yi masa kyau (2 Sama'ila 15:25-26).

Dogarar da nake so ki koya ke nan. Dawuda bai ce ya tabbata zai dawo ba. Bai ce hankalinsa a kwance yake ba, hawaye ma yake yi. Ya dai saki igiyar ƙarshen al'amarin ya bar ta a hannun Allah, ya yarda Allah mai kirki ne ko an komo da shi ko ba a komo da shi ba. Yawancin abin da ake koya mana a yau da sunan bangaskiya ƙoƙari ne na ɗaukar akwati zuwa fagen yaƙi: yi azumi kaza, furta kalma kaza, ba da baiko kaza, lalle ne Allah ya kare ka. Ranar da aka fasa ƙofa da dare, irin wannan bangaskiya takan farfashe tare da ƙofar, mutum ya fara cewa ko Allah ya yashe shi, ko shi ne bai yi daidai ba. Wadda Dawuda ya nuna tana iya tsayawa a daren, domin tun farko ba a kan sakamako aka kafa ta ba.

Ki lura kuma, mutumin da ya ce "ga ni" bai naɗe hannu ya zauna ba. Da aka gaya masa Ahitofel yana cikin masu tawaye, ya yi addu'a gajeriya, numfashi ɗaya: ya Ubangiji, ka mai da shawarar Ahitofel wauta (15:31). Yana kaiwa kan dutsen sai ga tsohon amininsa Hushai, riga a yage, ƙura a ka. Nan take Dawuda ya gane amsar addu'arsa ce ta zo da ƙafafu biyu. Ya mayar da shi birni ya shiga fadar Absalom don ya rushe shawarar Ahitofel, ya kuma shirya yadda labari zai riƙa iso masa: daga Hushai zuwa firistoci, daga firistoci zuwa wata baranya, daga ita zuwa samari biyu, Jonatan da Ahimawaz, da suke jira a En-rogel. Wani yaro ya gan su ya kai tsegumi. Suka ruga Bahurim suka faɗa rijiyar wani gida, matar gidan ta shimfiɗa mayafi a bakin rijiyar ta baza tsaba a kai kamar mai shanya, masu nema suka zo suka wuce (17:17-20). Shawarar Ahitofel kuwa mai kyau ce ta fuskar yaƙi: a ba shi mutum 12,000 ya bi Dawuda a daren nan tun yana gajiye. Da an bi ta da an gama da shi. Littafi ya ce Ubangiji ne ya ƙaddara a watsar da ita (17:14), amma ta bakin Hushai ya yi, da ƙafar baranya, da tsabar wata mata da ba a ko faɗi sunanta ba.

Saboda haka masu cewa gudu rashin bangaskiya ne, ina girmama su, na kuma san abin da ke damunsu: in kowa ya tashi, majami'a za ta zama kango, gonaki su koma hannun wasu. Damuwa ce ta gaskiya. Amma ba su da ayar da za su ɗaure ki da ita. Yesu da bakinsa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan (Matiyu 10:23). Yusufu ya ɗauki Maryamu da jaririn da dare zuwa Masar. An zura Bulus cikin kwando ta kan garun Dimashƙu. Dawuda kansa, tun yana saurayi, ya ceci mutanen Kaila daga Filistiyawa, sa'an nan ya tambayi Ubangiji ko za su bashe shi ga Saul, Ubangiji ya ce za su bashe ka; bai tsaya gwada su ba, ya kwashe mutanensa wajen 600 ya fita (1 Sama'ila 23). Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya, ya yi azumi ya kama hanya. Nehemiya ya karɓi sojoji da mahayan dawakai, daga baya ma ya ce mun yi addu'a ga Allahnmu muka kuma sa matsara dare da rana (Nehemiya 4:9). Littafi bai tsauta wa ko ɗaya a cikinsu ba. A ƙasarmu ma, a Oktoba 2014 da Boko Haram suka mamaye Mubi da hedkwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi, shugabannin ikilisiyar sun koma Jos suka ci gaba da aiki daga can, daga baya suka dawo. Wanda Allah ya ba shi ƙarfin zama, ya zauna, kada ya rena mai tafiya. Mai tafiya kuma kada ya ce wa mai zama wawa.

Yanzu fuskar yaron. Na san nan ne ciwon ya fi zurfi, ya fi na shanun, wataƙila ya fi na daren kansa. 'Yan bindiga ba su taɓa cin tuwonki ba. Shi ya ci.

Zabura 55 ta san wannan ciwo. Ba ta ambaci suna ba, amma tun da daɗewa malamai suna danganta ta da Ahitofel. Mai zaburar ya ce da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, da abokin gaba ne ya tasar masa da ya ɓuya. Amma kai ne, tsarana, abokina, aminina, da muke hira mai daɗi, muna tafiya Haikalin Allah tare cikin taro (aya 12-14). Ya ce bakinsa ya fi man shanu santsi, amma yaƙi ne a zuciyarsa. Ya ce da ma yana da fikafikai kamar kurciya ya tashi ya tafi jeji ya huta. Har ya roƙa mutuwa ta auka wa maƙiyansa ba labari (aya 15). Wannan duka addu'a ce, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Kin ɗauka fuskar yaron tana hana ki addu'a, don kina tsammani sai kin share ta tukuna ki zo gaban Allah da zuciya wankakkiya. Ba haka ba ne. Ki zo da ita. Ki kira sunansa a gaban Ubangiji, ki faɗi abin da kika yi masa da abin da ya sāka miki da shi, ki faɗi fushinki yadda yake ba ado. In bakinki ya kāsa, ki karanta zaburar da murya, ta zama bakinki. Mai zaburar ya ce da maraice, da safe, da tsakar rana yake kai kukansa (aya 17), wato ba sau ɗaya nauyin yake sauka ba. Kuma sai bayan duk wannan kuka ne ya ce ka danƙa wa Ubangiji kayanka, zai riƙe ka (aya 22). Mukan ciro ayar nan ita kaɗai mu manna a bango, mu manta mutumin da amininsa ya ci amanarsa ne ya faɗe ta.

Za ki gamu da masu ce miki ki binciki kanki, wai da ba wani zunubi a gidan da haka ba ta faru ba. A labarin Dawuda akwai wannan, gaskiya ne. Annabi Natan ya riga ya gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba saboda abin da ya yi wa Uriya (2 Sama'ila 12:10). Masu bin diddigi ma sun lura Bat-sheba, matar Uriya da Dawuda ya ɗauke, 'yar Eliyam ce (11:3), a cikin jarumawan Dawuda kuma akwai Eliyam ɗan Ahitofel mutumin Gilo (23:34). In Eliyam ɗaya ne, to Ahitofel kakanta ne, ya daɗe da ƙulli a ciki. Amma kada kowa ya ɗora miki wannan. Akwai wani Ɗan Dawuda, wato Yesu, da ya haye rafin Kidron ɗin nan da dare zuwa gindin Dutsen Zaitun ɗin nan (Yohanna 18:1), ba shi da zunubi ko ɗaya, duk da haka wanda suke sa hannu a akushi ɗaya ne ya sayar da shi a kan azurfa 30. Ya wanke ƙafafun Yahuza a daren, yana sane. Da Yahuza ya zo da sumba ya ce masa "aboki". Alherin da kuka yi wa yaron nan ba wauta ba ne, ba kuma alamar Allah ya juya muku baya ba. Ubangijinki ya sha daga wannan ƙoƙo kafin ke, shi ya sa in kin kai masa kuka ba sai kin yi dogon bayani ba.

Game da abin da za a yi da yaron, abu na fari: a tabbatar. Kin ce "aka ce". A ranar da Dawuda yake gudu, Ziba ya tare shi da jakuna da abinci ya ce maigidansa Mefiboshet, jikan Sarki Saul, ya zauna a birni yana jiran sarauta. Dawuda, zuciya a dagule, nan take ya mallaka wa Ziba dukiyar Mefiboshet. Da ya dawo sai ya tarar da Mefiboshet bai gyara gemu ba, bai wanke tufafi ba tun ranar da sarki ya fita, yana cewa baransa ne ya yaudare shi ya kuma yi masa ƙarya (2 Sama'ila 19:24-27). Lokacin tsoro lokacin kasuwar masu ƙazafi ne, kuma a garuruwanmu kalmar "infoma" kaɗai ta isa a kashe mutum kafin gari ya waye. In shaida ta tabbata, a kai maganar ga dattawan ikilisiya da hukuma, domin wanda ya nuna gida ɗaya zai nuna na biyu, yin shiru kuwa cin amanar maƙwabta ne. Amma ki hana samarin danginku ɗaukar doka a hannunsu. Da Shimai yake jifan Dawuda da duwatsu yana zaginsa, Abishai ya nemi izini ya fille masa kai, Dawuda ya hana. Ramuwa ta Ubangiji ce (Romawa 12:19), kuma jinin yaron ba zai dawo muku da barci ba.

Gafara wajibi ce a kanmu, ba zan sassauta miki wannan ba, ko da yake takan ɗauki lokaci, takan kuma fara da cewa "Ubangiji, ban iya ba tukuna, ka taimake ni." Sai dai gafara daban, mayar da amana daban. Bulus ya yi addu'a kada a ɗora laifi a kan waɗanda suka yashe shi ranar shari'arsa ta fari, a wuri guda kuma ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da Iskandari maƙerin tagulla wanda ya yi masa mugunta ƙwarai (2 Timoti 4:14-16). Kina iya yafe wa yaron daga zuciya, ki roƙa masa tuba, ba tare da ya sāke sanin inda kuke kwana ba.

Akwai abin da ba zan yi miki alkawarinsa ba, domin Allah bai yi ba: cewa in kin dogara gare shi mugun abu ba zai ƙara zuwa ba. A sura ɗaya, Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, mala'ika kuma ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda ta wurin bangaskiya suka tsere wa kaifin takobi, ayoyi kaɗan a gaba ta jera waɗanda aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida. Mun gani da idonmu. A Janairu 2020 aka yi garkuwa da Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN (Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya) na Michika a jihar Adamawa. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna cewa da alherin Allah zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa, in kuwa ba a ba shi wannan dama ba, to nufin Allah ne. Aka kashe shi a watan. Maganarsa da ta Dawuda a gaban Zadok magana ɗaya ce. An komo da ɗaya Urushalima, an kai ɗaya gida wurin Ubangijinsa. Leah Sharibu tana 'yar shekara 14 aka ɗauke ta daga makarantar Dapchi a Fabrairu 2018, aka sako 'yan'uwanta ɗalibai a watan Maris aka riƙe ta don ta ƙi musun Almasihu, shekaru suka yi ta wucewa iyayenta suna jira. Ban isa in ce maigidanki ya dawo don kun fi su bangaskiya ba, ke ma ba za ki ce ba. Abin da aka yi mana alkawari shi ne babu abin da zai raba mu da ƙaunar Allah cikin Almasihu Yesu, kuma cikin abubuwan da Bulus ya lissafa a wurin har da hatsari da takobi (Romawa 8:35-39).

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Za ki ji kina zargin kowa, maƙwabciya, mai tallan nono, har 'yan'uwa a Zumuntar Mata. Ki yi hankali, amma kada ki toshe ƙofar da Allah zai aiko da taimako. Wanda ya rantse wa Dawuda cewa ko a mutuwa ko a rai yana tare da shi, Ittayi ne, baƙo daga Gat, garin Goliyat. Da suka isa Mahanayim a gajiye, cikin waɗanda suka kawo gadaje da tukwane da alkama da wake da zuma da man shanu har da Shobi, Ba'ammone (2 Sama'ila 17:27-29). A Yuni 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, limamin Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Allah bai taɓa rasa wanda zai aika ba, sau da yawa kuma daga inda ba a zata ba yake fitowa.

A kan tafiyar, ki saurari maigidanki da kyau. Shi ya kwana a daji, ya ga abin da wataƙila bai gaya miki ba tukuna. In yana firgita cikin barci, ko ya daina magana, ko ƙarar babur tana sa shi rawar jiki, wannan rauni ne kamar karaya, ba ƙarancin bangaskiya ba. A kai shi asibiti, a kuma haɗa shi da fasto ko dattijon da ya san yadda ake zama da waɗanda suka fito daga hannun masu garkuwa. In kun yanke shawarar tafiya, kada ku yi shelar ranar. Ku gaya wa fastonku da dattijo ɗaya da kuka amince da shi, ku karɓi takardar shaida zuwa ikilisiyar da za ku, ku danƙa gonar a hannun wani a gaban shaidu domin ku same ta in Allah ya komo da ku. Da kun sauka, ranar Lahadi ta fari ki nemi shugabar Zumuntar Mata ta wurin ki gabatar da kanki, ki gaya mata daga inda kuka fito, kada ki zauna a ɗaki ke kaɗai da wannan kaya.